Ƙanena zai tafi karatu Indonesiya, Mama ta hana shi cin kaza saboda murar tsuntsaye

Abu_Hanif_TudunWada:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Ƙanena mai bi mini ya samu gurbin karatun digiri na biyu a Indonesiya, a garin Bandung, in Allah ya yarda wata mai kamawa zai tashi ta Abuja. Tun ranar da takardar ta iso Mama ba ta ƙara barcin kirki ba. Wata maƙwabciyarmu ce ta shigo ta ce mata ai ƙasar can ita ce matattarar murar tsuntsaye, wai mutane sun yi ta mutuwa. Yanzu Mama ta sa yaron ya yi mata alkawarin ba kaza ba ƙwai har ya dawo, shekara biyu cur. Shi ba ya son saɓa mata, ni kuma na san ɗalibi a ƙasar wasu in ka raba shi da ƙwai ka raba shi da rabin abincinsa. Don Allah masu sani, maganar nan gaskiya ce? Akwai allurar da za a yi masa? Me ya kamata mu yi kafin ranar tafiya?

Maman_Khairat:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka a karatun, ya kai shi lafiya ya dawo da shi lafiya. Ni dai kada ku ga laifin Mama. Duk wadda ta ga abin da ya faru a garin nan shekarun baya dole gabanta ya faɗi in ta ji sunan ciwon nan.

LikitanDabbobi_Samaru:
Malam Abu Hanif, maƙwabciyar taku ba ƙarya ta yi ba, sai dai rabin labarin ta kawo. Gaskiya ne Indonesiya ta sha fama da nau'in da ake kira H5N1. Mutum 200 aka tabbatar sun kamu a can, 168 suka rasu, babu ƙasar da ta kai ta yawan mace-mace da wannan cuta. Amma mafi yawansu tsakanin 2005 da 'yan shekarun da suka biyo baya ne, kuma a ƙasar da ke da mutane sama da miliyan 270.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda ake kamuwa. Ba a cikin dafaffen nama take ba. Zafin da ya kai digiri 70 har cikin tsokar yana kashe ƙwayar cutar, kuma ko tuwo da miyar kaza irin namu sun wuce haka nesa. Haɗarin yana wajen mai taɓa tsuntsu mara lafiya ko mushe: mai yanka, mai fige gashi, mai fitar da kayan ciki, mai share kashin kaji yana shaƙar ƙurar, yaron da ke wasa a bakin akurki. Daga mutum zuwa mutum kuwa da ƙyar take wucewa. An ga irin haka a yankin Karo na tsibirin Sumatra a 2006, inda 'yan gida ɗaya takwas suka kamu bakwai suka rasu, amma ba ta fita daga dangin ba.

Saboda haka ya ci kazarsa in ta dahu sosai. Abin da zai guje wa shi ne kasuwar kaji masu rai da gonakin kaji. Allura kuma, babu wadda ake yi wa matafiya don murar tsuntsaye. Ta murar da aka saba yi duk shekara daban ce, ba ta kare wannan.

Alhaji_MaiKaji_Dakace:
Dakta ka taɓo mini inda yake mini ciwo. Yaran yanzu ba su san a nan ƙofar gidanmu abin ya fara ba. Watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ita a wata gona a Jaji, a kan hanyar nan tamu ta Kaduna, kuma shi ne karon farko da aka same ta a kaji a duk nahiyar Afirka. Har Italiya aka kai samfurin kafin a faɗi sakamako.

Ni a lokacin ina da kaji masu ƙwai, ba su da yawa, amma su ne jarina gaba ɗaya. Na shiga da asuba bayan na dawo masallaci, na tarar ɗakin shiru. Duk mai kiwo ya san kaji in suka ji motsin ƙofa sai su ɗauki kuka, ranar babu wannan. Na haska tocila, wasu a kwance wuya a lanƙwashe, zankonsu ya yi shuɗi kamar an shafa musu baba, fuskokin sun kumbura. Kafin azahar na daina ƙirgawa. Da hannuna na riƙa kwasa ina zubawa a baro, ba safar hannu ba takunkumi, don ban san abin da nake taɓawa ba. Ɗana ƙarami yana biye da ni yana tayani. Har yau in na tuna wannan sai tsigar jikina ta tashi. Allah ne kawai ya tsare mu.

Diyyar da aka fara sanarwa naira 250 ce kan kowace kaza. Shi ya sa da yawa suka ƙi faɗi, suka loda a mota cikin dare suka kai kasuwa suka karyar. Ta haka ta yaɗu. Malam Abu Hanif, ka gaya wa Hajiya wanda ya gani da idonsa ne yake magana: ciwon gaskiya ne, amma a wajen kwasa da figewa yake, ba a cikin tukunya ba.

Sadiq_Kwangila:
Ni fa a yi haƙuri, har yanzu ban gamsu ba. A shekarar da Alhaji yake faɗa kaji sun yi arha a Sabon Gari, mun saya mun ci, unguwarmu babu wanda ko tari ya yi. Duk bayan 'yan shekaru sai a ƙirƙiro wani ciwo a tsorata mutane. In da abin ya kai yadda ake zuzutawa, da Zariya ba ta rage kowa ba.

LikitanDabbobi_Samaru:
@Sadiq_Kwangila abin da ka faɗa shi ne ma hujjar maganata: kun dafa kun ci, ba abin da ya same ku. Amma wani ne ya fige muku. Kuma ba a tsira gaba ɗaya ba, a Janairun 2007 wata matashiya 'yar shekara 22 ta rasu da ita a Legas, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar. Cutar ba ta kama mutum da sauƙi, wannan rahamar Allah ce. Amma daga 2003 zuwa yanzu, cikin waɗanda aka tabbatar sun kamu a duniya kusan rabi ba su tashi ba. Ciwon da ke kashe kusan rabin wanda ya kama ba abin rainawa ba ne. Kuma ta dawo mana a 2015, ta sake dawowa a 2021, yawanci lokacin hunturu. Ka tambayi masu kiwo a Kano da Jos.

Sadiq_Kwangila:
Maganar Legas ban taɓa ji ba gaskiya. To na ji. Amma dai har yanzu ina ganin an fi tsoratar da mutane fiye da ilimantar da su.

Hauwa_Nas:
A nan na yarda da kai Malam Sadiq, kuma shi ya sa na shigo. Kowa yana maganar kaza, babu wanda ya ambaci sauro. In ana lissafin abin da zai iya kwantar da yaron nan a Indonesiya, zazzaɓin dengi yana gaba da murar tsuntsaye nesa ba kusa ba. Sauron da ke kawo shi ba irin namu na maleriya ba ne mai jiran dare. Wannan da rana yake cizo, musamman da safe da yamma, baƙi ne mai ɗigon fari a ƙafafu, yana ƙyanƙyasa a ruwa mai tsabta da ya kwanta a bokiti ko tukunyar fure. Ka ga gidan sauro shi kaɗai bai isa ba, sai da man shafawa na korar sauro da riga mai dogon hannu.

Ga inda nake jin tsoro. Mu nan mun saba, da jiki ya yi zafi sai mu ce maleriya ce, a aika yaro kemis. In ya yi haka a can zai cuci kansa. Dengi yana zuwa da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai ta bayan ido, ciwon gaɓoɓi kamar ana karya ƙashi. Maganin maleriya ba ya yi masa komai. Asfirin da ibufurofen kuwa haɗari ne, suna iya jawo zubar jini. Farasitamol kawai, da ruwa mai yawa, sannan asibiti a gwada jini. Kuma lokacin da zazzaɓin ya sauka, wajen kwana na uku zuwa na bakwai, shi ne lokacin da ake sa ido. In ya ga jini a dasashi ko hanci, ko ciwon ciki mai tsanani, ko amai ba tsayawa, kada ya jira gari ya waye.

Bazazzagi_a_Jawa:
Anti Hauwa kin gama magana. Na yi shekara uku a tsibirin Jawa, inda Bandung take, kuma dengin nan ya kama ni a daminar farko. Kwana biyar na yi a gadon asibiti, kullum ana ɗibar jini ana duba ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini. Abokin ɗakina ɗan ƙasar ne ya tilasta mini zuwa, ni ina ta cewa maleriya ce na san ta. Daminarsu tana farawa wajen Nuwamba ta kai Maris ko Afrilu, a nan ciwon ya fi yawa.

Maganar kaza kuwa, Yaya Abu Hanif, in ya ce ba zai ci ba zai sha wuya. Ayam suke ce mata, kuma tana cikin kusan komai: soyayya, tsire irin nasu, miya, shinkafa. Ƙasar Musulmi ce, babu ƙasar da ta fi ta yawan Musulmi ma a shekarun da na zauna, yanka ba matsala ba ne. Abin da zan ja masa kunne a kai guda uku ne. Mutanen can suna da son tsuntsaye masu kuka, za ka ga keji rataye a ƙofar gidaje, akwai manyan kasuwannin tsuntsu kamar ta Pramuka a Jakarta, abokai za su ce a je kallo, ya ba su haƙuri. Sai ƙwai, suna son mai ruwa-ruwa a kan shinkafa, ya ce a soya masa gaba da baya. Sai ruwan famfo, su kansu ba sa sha, na babbar gora ake saya. Satin farko cikinsa zai iya juyawa saboda yaji da canjin abinci, ya tafi da gishirin nan na haɗa ruwan gudawa.

Abu_Hanif_TudunWada:
Allah ya saka da alheri. Wallahi ban taɓa jin sunan dengi ba sai yau. To maleriya fa, ya tafi da magani?

Bazazzagi_a_Jawa:
A manyan biranen Jawa kamar Bandung da Jakarta ba ita ce damuwa ba. Can gabas, wajen Papua, a nan take da ƙarfi. Amma fa yana iya tafiya da ita a jininsa daga nan Zariya ta tashi bayan ya sauka. Duk likitan da ya gani ya fara gaya masa daga Najeriya ya zo, don a gwada duka biyun.

Ummu_Sudais_Gyallesu:
Kafin a yi nisa, ya yi allurar shawara? Katin nan mai ruwan ɗorawa. Mu 'yan Najeriya ana tambayarmu shi a ƙasashen Asiya da yawa, don ƙasarmu tana cikin waɗanda cutar take. Sai allurar ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, don haka kada a bari sai satin tafiya. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, ba kamar da ba da ake sabuntawa duk shekara goma.

Dan_Kasuwa_PZ:
Kati ba matsala ba ne, akwai masu haɗa shi ba sai an tsira maka allura ba. Na san waɗanda suka yi tafiya da irinsa.

Hauwa_Nas:
Subhanallahi. Alhaji don Allah kada ka koya wa mutane wannan. Katin ba don jami'in filin jirgi aka yi shi ba, don hantarka aka yi. Shawara ba ta da magani in ta kama mutum, kuma tana nan a ƙasar nan, ka tuna ɓarkewar da aka yi a yankin Yankari a Bauchi a 2019. Sannan sauron da ke ɗaukar dengi shi ne dai mai ɗaukar shawara. Wanda ya shiga ƙasar mutane da ita a jininsa yana iya kai musu annobar da ba su da ita. Wannan haƙƙi ne a wuyansa. Ya je wajen ma'aikatan lafiya na tashoshin shiga da fita a yi masa ta gaske.

Dan_Kasuwa_PZ:
Na karɓi gyara Hajiya. Ni dai abin da na gani na faɗa, ban ce a yi ba.

Malam_Idi_KofarDoka:
Akwai wanda ya turo mini a gefe yana cewa duk wannan ƙarancin tawakkali ne, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Na ga ya fi kyau in amsa a nan kowa ya gani. Ƙaddara gaskiya ce, babu Musulmin da ke ja. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Shi ne kuma ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya hana waɗanda ke ciki fita. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba. Don haka allura da gidan sauro da nisantar mushen kaza duk cikin addini suke. Ita kuma Hajiya, a bi ta a hankali. Ba a ce mata ta yi kuskure ba, a zauna a karanta mata bayanin Dakta, ita da kanta za ta sassauta.

Binta_Manchester:
Ni ta ɗaya ɓangaren zan kawo, tunda maganar matafiya ake. Mu da muke zaune a Ingila in za mu zo gida, mu ne matafiyan ƙasar zafi. Na zo Zariya da yara hutun ƙarshen shekara, na ce ai a Tudun Jukun aka haife ni, sauron gida ya san ni. Yara na ba su maganin rigakafi, ni na ƙi sha. Kwana tara da komawarmu na faɗi a kicin. Likitan ya ce kariyar da jiki ke samu in kana zaune cikin maleriya tana gushewa in ka daɗe ba ka nan. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, don mijina yana wajen aiki, yarinyata 'yar shekara takwas ce ta kira motar asibiti. Ƙanenku ma ya riƙe wannan, bayan shekara biyu a Bandung in zai dawo gida ya ga likita tukuna.

Maman_Khairat:
Allah ya ƙara lafiya 'yar'uwa. Wannan ma darasi ne ga masu zuwa mana hutu.

Dakta ina da tambaya, ta koma kan kazar. Mu mata a gida in kaza ta fara gyangyaɗi sai a ce maza a kira mai yanka kafin ta mutu a yi asara. Mu muke figewa, mu muke gyarawa, yara na zagaye da mu suna jiran ƙundu da hanta. Wannan fa?

LikitanDabbobi_Samaru:
Hajiya wannan tambayar ta fi duk abin da aka tattauna muhimmanci a wajena. Abin da kika kwatanta shi ne ainihin hanyar da mutane suka fi kamuwa. Masar ce ta fi kowace ƙasa yawan waɗanda suka kamu da H5N1, sama da 350, kuma da yawansu mata ne da yara masu kiwon kaji da agwagi a cikin gida. A Kambodiya ma da cutar ta sake bayyana a mutane daga 2023, labarin kusan ɗaya ne: kaji sun mutu a ƙauye, an gyara an dafa.

Ba kowace kaza mai gyangyaɗi ke da ita ba, sau da yawa cutar Niyukasil ce wadda muka saba gani da sanyi. Matsalar ita ce da ido ba ka iya rabewa, sai an kai samfur ɗakin gwaji irin na Vom a Jihar Filato. Don haka in kaji suka fara zubewa da yawa a kwana ɗaya ko biyu, kada a yanka, kada a sayar, kada a jefa a bola kare da yara su ɗauka. A sa leda a hannu, a rufe hanci, a haƙa rami mai zurfi a binne, a wanke hannu da sabulu, a sanar da likitan dabbobi. Muna da asibitin koyarwa na dabbobi a nan Samaru, ba nisa. Agwagwa kuma a yi hattara da ita, tana iya ɗauke da cutar tana yawonta lafiya ƙalau. Wanda ya taɓa irin waɗannan kaji ya sa ido a kansa kwana 10, in zazzaɓi ko tari ko jan ido ya zo ya faɗa wa likita abin da ya taɓa. Akwai magani, Tamiflu, amma ya fi aiki in an fara shi cikin kwana biyun farko.

Alhaji_MaiKaji_Dakace:
A ƙara da masu sayen kashin kaji don taki. Buhu-buhu ake lodawa daga gona zuwa gona, da kiret ɗin ƙwai da ke yawo ba wanki. Ni yanzu ko ɗan'uwana ba ya shiga ɗakin kajina da takalmin da ya zo da shi.

Yusuf_Kongo:
Dakta, samari masu fasa ɗanyen ƙwai a madara su sha don ƙarin ƙarfi fa? A hostel ana yi sosai.

LikitanDabbobi_Samaru:
Su daina. Ko babu murar tsuntsaye akwai ƙwayoyin da ke kawo gudawa da zazzaɓi a ɗanyen ƙwai. A dafa har gwaiduwar ta daskare.

Bazazzagi_a_Jawa:
Na manta abu ɗaya. In ɗalibai suka shirya yawon buɗe ido zuwa Bali, ya yi nesa da karnuka da birai. Akwai ciwon haukan kare a tsibirin tun 2008. Ko yaƙushi ne, ya wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 ya nufi asibiti ranar, kada ya ce ƙaramin ciwo ne. Kuma ya tabbatar makarantar ta yi masa inshorar lafiya kafin ya fara shiga aji.

Abu_Hanif_TudunWada:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan isha'i na zauna da Mama na karanta mata tun daga farko. Da na zo kan labarin Alhaji na Dakace sai ta yi shiru, ta ce ta tuna shekarar, kajinta bakwai suka mutu ita ta fige biyu da hannunta. Ta yarda ya ci ƙwai in ya soyu sosai. Kaza kuma ta ce a ba ta lokaci ta yi tunani, ban matsa mata ba kamar yadda Malam Idi ya ce. Yanzu hankalinta ya koma kan sauro, da safen nan ta aike ni Sabon Gari sayen gidan sauro da man shafawa. Allurar shawara kuma ranar Litinin za mu je.

Sadiq_Kwangila:
Allah ya kai shi lafiya. Dakta kafin a watse, na ji an ce a Amurka cutar ta shiga shanu har ana samunta a madara. Mu masu shan fura da nono kullum fa?

LikitanDabbobi_Samaru:
Gaskiya ne, a watan Maris na 2024 aka fara tabbatar da ita a shanun madara a can, wasu ma'aikatan gona ma sun kamu, yawancinsu jan ido suka yi. Madarar da aka dafa ba ta da matsala. Mu a nan abin da ya fi damuna a ɗanyen nono shi ne tarin fuka na shanu da cutar bakkale mai sa shanu ɓari, waɗannan muna da su tun tuni. Ka tambayi mai kawo maka ko tana tafasa madarar kafin ta kwana.

Ummu_Sudais_Gyallesu:
Tawa tana tafasawa, na taɓa zuwa rugarsu ta bayan Shika na gani. Malam Abu Hanif, in kun je ranar Litinin ku tafi da fasfo ɗinsa, ana rubuta lambar a jikin katin. Ka dawo ka gaya mana nawa kuka biya, ni ma ɗiyata tana shirin tafiya Malesiya.